Keken tsere mai birkin faifai da giyar lantarki: zai ɗore a Maradi?

Malamin Lissafi, Unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa mahaya keke. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta shafi kuɗi masu yawa a wurina. Yayana da ke zaune a Faransa ya samo mini kekunan tsere na hannu guda biyu, ya ce in zaɓi ɗaya ya sako shi cikin kayan da zai aiko. Na farkon jikinsa na kabon ne, birkinsa na faifai mai aiki da mai, giyarsa kuwa ta lantarki ce, Shimano Ultegra Di2 mai hawa 11 a baya, kuma mai shi ya tsaya a kan Yuro 1,500, wato kusan sefa dubu 984 kafin a zo maganar dako da duwan. Na biyun na alminiyam ne, birkinsa na roba mai kama bakin wili, giyarsa ta wayar ƙarfe irin wadda muka saba, kuɗinsa kuma bai kai rabin na farkon ba. Hawana bai wuce daga gari zuwa Tibiri ko Madarumfa ba, sai ranar Lahadi da nakan miƙi hanyar Cadawa. Zuciyata tana wajen na farkon, amma ina so waɗanda suka riƙe irinsa a ƙasar nan su gaya mini ko zai jure ƙurarmu da zafinmu, da kuma inda zan nufa da shi ranar da ya lalace.

Alhaji na Mokoyo:

Wa alaikumus salam, Malam. Na girme ka a kan sirdi, saboda haka zan faɗa maka ra'ayina kai tsaye: ka ɗauki na biyun, ragowar kuɗin ka sayi tayoyi masu kyau da sarƙa ta ajiya. Birkin faifai an ƙera shi ne domin mutanen da ke gangarowa daga duwatsu masu tsawo cikin ruwan sama, inda roba ke jiƙewa ta ƙi kama wili, ko kuma wilin ya yi zafi saboda doguwar gangara. Daga nan har Gidan Rumji, ko daga nan har Tasawa, ina gangarar da za ta sa hannunka ya gaji da matsa birki? Daminarmu kuma daga Yuni zuwa Satumba ce, kuma in hadari ya haɗo ba wanda ke fita da keken tsere.

Ko a wurin manyan ƴan tsere ba a daɗe da karɓar wannan birki ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta dakatar da gwajinsa a watan Afrilun 2016 bayan wani ɗan tseren Sifen ya ji rauni a gasar Paris-Roubaix, kuma sai ranar 1 ga Yulin 2018 aka halatta shi gaba ɗaya. Tadej Pogačar ya ci Tour de France ta 2020 da birkin roba, a kan duwatsun da ba mu da ko kwatankwacinsu. Abin da ya ishi wannan yaro a can ba zai kasa isar malamin makaranta a hanyar Madarumfa ba. Game da giyar lantarki kuwa, idan wayar ƙarfe ta tsinke mini a Jiratawa zan samu mai gyara ya ɗaura wata kafin in gama shan ruwa, kai kuwa idan na'urarka ta mutu sai ka jira yayanka.

Ɗan Tsere na Tibiri:

Baba Alhaji, da girmamawa, ina hawan irin keken da Malam ke magana a kai, kuma abin da na gani ya sha bamban da abin da kuke tsoro. Ina roƙon a raba maganar gida biyu, domin birkin faifai daban, giyar lantarki daban, kuma kowanne da dalilinsa.

Gaskiya ne ba mu da gangara, amma amfanin faifai a wurinmu ba ƙarfin tsayawa ba ne. Na farko shi ne faɗin taya. Birkin roba na keken tsere yakan bar wa taya wurin da bai wuce milimita 25 ko 28 ba, alhali kekunan faifai da yawa suna ɗaukar 30 ko 32. Duk wanda ya bi kwaltarmu ya san inda ta farfashe da inda rairayi ya cinye gefenta, ya kuma san lokacin da babbar mota mai nufin Ɗan Isa za ta tilasta masa sauka ƙasa. Taya mai faɗi da iska kaɗan tana riƙe ƙasa a irin wannan wuri, ba ta jijjiga ƙugu, kuma ba ta saurin tsinke tif idan aka faɗa rami. Na biyu shi ne wili. Robar birki idan ta kwashi rairayi tana cin bakin wilin alminiyam a hankali har ya sirance, kuma ranar da ya sirance wilin gaba ɗaya za a canza. A keken faifai abin da ke cinyewa faifan ne da takalman birki, waɗanda duka za su shiga aljihun riga. Ko wilin ya ɗan karkace saboda rami, ba ya gogar birki, sai ka isa gida lafiya.

Giyar kuma, ƙurar hunturu ita ce babbar hujjata. Wayar ƙarfe tana tafiya ne a cikin kwanso, ƙura tana shiga ta haɗu da maiko ta daskare, sai giya ta fara jinkiri, kana daidaitawa yau gobe ta sake kaucewa. Di2 ba ta da wannan, domin ƙaramin inji ne a jikin na'urar canza giya yake tura sarƙa daidai inda aka saita shi, kuma saitin ba ya gushewa sai in an buge na'urar. Ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanmu: kamfanin Shimano ya fito da shi a babban samfurinsa Dura-Ace tun 2009, ya sauko da shi samfurin Ultegra a 2011, sannan samfurin 105 a 2022. Kuma kada a ce mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba ya canza giya. Wanda ya nufi Cadawa a watan Janairu, iskar arewa maso gabas tana dukan ƙirjinsa tana sassautawa tana dawowa, ya san sau nawa yatsansa ke neman giya.

Alhaji na Mokoyo:

Ɗana, na yarda da maganar faɗin taya, domin ita kam gaskiya ce. Amma ka ƙara wa Malam cewa a cikin rairayi ba birki ke tsayar da keke ba, taya ce, kuma birki mai kaifi ya fi saurin kulle wilin gaba idan akuya ta yanko hanya mutum ya firgita. Sannan ba ka amsa tambayata ba. Wa zai gyara masa?

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari:

Alhaji ya kawo tambayar da ta shafe ni, saboda haka bari in yi bayani a matsayina na wanda ake kawo wa kekunan nan bayan sun lalace. Mafi yawan waɗanda suka zo hannuna ba ƙura ce ta kashe su ba, ba kuma zafi ba, hannun mutum ne.

Abu mafi haɗari shi ne man birki. Birkin kamfanonin Shimano da Campagnolo yana amfani da man ma'adini, na kamfanin SRAM a kekunan tsere kuwa yana amfani da DOT, dangin wanda ake zuba wa mota da babur. Ruwan biyu ba sa haɗuwa ko kaɗan. Idan birkin Malam ya yi laushi ya kai wa mai gyaran babur, abin da ke gabansa zai ɗauko, wato DOT 3 ko DOT 4, da kyakkyawar niyya kuwa, kuma cikin ɗan lokaci robobin da ke cikin hannun birkin da na ƙasa za su kumbura su lalace. A keken Di2 hannun birki da maɓallan giya abu ɗaya ne, saboda haka kwalbar mai ta kuɗi kaɗan za ta jawo asarar ɗaya daga cikin sassa mafi tsada a jikin keken. Mai SRAM ya fi samun sauƙi ta wannan fuska, domin DOT 4 da DOT 5.1 duka suna yi masa, sai dai ya guji DOT 5 wanda na silikon ne. Mai Shimano kuwa dole ya ajiye nasa man a gida. Alherin da ke ciki shi ne man ma'adini ba ya shan danshi kamar DOT, don haka kwalba ɗaya za ta daɗe tana amfani ko an buɗe ta. Tare da man sai a sayi ɗan mazurarin da ake ɗaurawa a hannun birki da sirinji, domin da su ake fitar da iska.

Abu na biyu shi ne al'adarmu ta wanke keke da kananzir ko gas, sannan a bulbula baƙin mai a sarƙa. A kan keken kasuwa wannan ba ya kashe kowa, amma ɗigo ɗaya idan ya taɓa faifai takalman birki za su sha shi, su fara kuka, su daina kamawa, kuma wanki ba ya mayar da su yadda suke. Faifai ba a goge shi sai da alkol da tsumma mai tsabta. Sarƙa kuma a sa mata mai marar danƙo, kaɗan, a goge ragowar, domin mai danƙo yana tara rairayi ya riƙa cin haƙoran giya.

Akwai ma'aunai da ya kamata Malam ya rubuta ya ajiye. Sabon faifan Shimano kaurinsa milimita 1.8 ne, ana canza shi idan ya sauko 1.5, kuma an rubuta hakan a jikinsa. Takalmin birki ana canza shi kafin abin da ke kamawa ya gaza rabin milimita. Sarƙar mai hawa 11 ana canza ta idan ta miƙe da kashi 0.5 cikin ɗari, akwai ɗan ƙarfen awo mai araha da ke nuna haka, kuma wanda ya yi jinkiri sai ya haɗa da haƙoran baya. Sababbin takalma kuma ba a fita da su doguwar tafiya sai an zaunar da su, wato a ɗauki matsakaicin gudu a matsa birki har keken ya kusa tsayawa, a saki, a maimaita sau goma sha biyar zuwa ashirin.

Duk wannan aikin hannu ne da kowane mai gyara mai natsuwa zai iya koya. Abin da ba zan iya ba shi ne buɗe injin da ke cikin na'urar giya in gyara, domin ba a yi shi don a buɗe ba. Wannan kam Alhaji yana da gaskiya.

Hajiya Mai Shagon Sola, Ali Ɗan Tsoho:

Sallama gare ku. Ni ba na hawa, ɗana ne mai hawa, amma batir sana'ata ce, kuma na ga ana tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba, ana kuma mantawa da wanda ya kamata a kula da shi. Ɗaukewar wuta ba matsala ba ce ga wannan keke. Batirin ƙarami ne ƙwarai, yana ɓoye a cikin sandar sirdi, ana cajinsa ta USB, kuma ƙaramin faifan sola ko batirin ajiya na wayar salula ya ishe shi. Caji ɗaya yana kai mutum ɗaruruwan kilomita. Ko a sabon samfurin mai hawa 12, wanda ya fi cin wuta, kamfanin yana faɗin kimanin kilomita 1,000, wato fiye da nisan Maradi zuwa Yamai. Na SRAM kuwa, wanda ya fito ba waya ko ɗaya tun 2015, kowace na'ura tana da nata batirin da ake cirewa, yana yin kimanin awa 60 na hawa.

Abin da ke tsufar da batirin litiyom shi ne zafi, musamman idan yana cike ko kuma an bar shi ya mutu ƙurmus ya daɗe. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano da aka kulle da rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Kada a jingine keken a rana, kada a ajiye shi a shagon kwano, kada kuma a sa masa caji da tsakar rana yana dawowa daga hanya. A bari sai dare ko asuba. Malam kuma ya lura cewa keken na hannu ne. Wannan samfurin Ultegra ya fito tun 2017, saboda haka batirin da ke ciki yana iya zama ya kwana biyu. Ka ce wa yayanka ya tambayi shekarunsa, in da hali ya sayi sabo ya sa kafin ya aiko, domin batirin litiyom da ba ya jikin na'ura ba a yarda a sa shi cikin kayan da ke shiga ƙarƙashin jirgin sama ba, sai a jakar hannu, kuma aiko shi daga baya shi kaɗai yana da wahala.

Malamin Lissafi, Unguwar Zariya:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya kwantar mini da hankali ta wani ɓangare. To idan cajin ya ƙare ina tsakiyar hanya fa, keken zai tsaya ne?

Ɗan Tsere na Tibiri:

Ba zai tsaya ba, Malam, domin ƙafarka ce ke tuƙa shi, kuma birkin ba ruwansa da batir. Tsarin yana fara kashe na'urar canza giya ta gaba ya bar ta baya tana aiki na ɗan lokaci, wannan shi ne gargaɗinka. Idan ita ma ta tsaya, sarƙa tana zama a giyar da take, sai ka koma gida da giya ɗaya. Kafin a kai nan ma, idan ka danne maɓallin giya na ɗan lokaci wata ƴar fitila tana nuna maka kore ko ja. Haka kuma idan keken ya faɗi ta gefen dama, na'urar baya tana sakin injinta da kanta don kada ya karye, sai ta yi kamar ta mutu. Mutane da yawa suna ɗauka ta lalace, alhali danne maɓallin akwatin haɗin wayoyi na daƙiƙa biyar ana juya feda yana mayar da ita.

Ɗalibi daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Iyayena da yayyena, ina da abin da zan ƙara a kan maganar kayan gyara, domin ina ganin ta shafi kekunan biyu, ba na farkon kaɗai ba. Kamfanonin sun riga sun juya baya ga tsohon tsari a manyan samfuransu. Dura-Ace da Ultegra masu hawa 12 da suka fito a 2021 na lantarki ne kawai, kuma 105 mai hawa 12 na wayar ƙarfe da ya fito a 2023 da birkin faifai kaɗai ya zo. Kekunan da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci matakai uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki da su a Tour de France ta 2024 duk masu faifai ne da giyar lantarki, kuma irinsu ne za su riƙa gangarowa kasuwar kayan hannu har su iso mana. Ko mun so ko ba mu so ba, masu gyaranmu za su riƙa ganinsu, don haka gara a fara koyo tun yanzu.

Sai dai wannan hujja tana da ɗaya gefen da ya kamata Malam ya sani. Di2 mai hawa 11 da mai hawa 12 ba sa musayar kaya: wayoyinsu daban, batirinsu daban, abin cajinsu ma daban. Na 11 yana buƙatar nasa akwatin caji mai suna SM-BCR2, wanda ba za ka samu madadinsa a wurin masu sayar da cajar waya ba. Idan mai keken ya ɓatar da shi, ko aka manta ba a sako ba, keken zai iso ya yi makonni yana aiki sannan ya tsaya a giya ɗaya.

Alhaji na Mokoyo:

To kun ji. Yaron nan ya zo ya taya ɗan'uwansa, amma ya ƙarasa da ba ni hujja. Ni ban ce keken ba shi da kyau ba, kuma na ga yadda yake canza giya ba ƙara ba gardama, abin sha'awa ne. Abin da nake cewa shi ne mai irin wannan keke a Maradi dole ya zama shi ne shagon kayan gyaran kansa. Mun ga yadda iyaka ta rufe a 2023, kayan da ake kawowa daga Katsina da Kano cikin kwana biyu suka koma sai an yi watanni ana jira. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan Malam ya san haka ya kuma shirya masa, ba ni da ja, kuɗinsa ne kuma sha'awarsa ce. Abin da ba na so shi ne ya zuba duk abin da ya tara a kan keken, ya bar kansa ba ko takalmin birki na canji.

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari:

A nan ni da Alhaji muka haɗu. Malam, idan ka tsaya a kan na farkon, ka lissafa kayan ajiya cikin kuɗin saye tun yanzu, su taho a kwali ɗaya da keken. Takalman birki su zama kashi uku ko huɗu, kuma yayanka ya duba lambar da ke bayan waɗanda ke jiki, domin siffarsu ta bambanta. A haɗa da man ma'adini da mazurari, da sarƙa biyu, da faifai ɗaya daidai girman naka, ko milimita 140 ko 160, a kuma duba ko mai ƙusa shida ne ko mai zobe ɗaya a tsakiya, domin shi na biyun yana da nasa mabuɗin. A sa waya ɗaya doguwa ta Di2 da ɗan robar da ake cusa ta da shi. Tif ma a sayo masu siririn baki da tsawon da ya dace da zurfin wilin, domin na kasuwarmu ba sa shiga.

Wanda na fi jaddadawa shi ne ɗan ƙarfen da na'urar giya ta baya ke rataye a jikinsa. An yi shi da laushi da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin jikin keken, kuma kusan kowane kamfani da siffar nasa. Idan ya lanƙwashe ba ka lura ba, na'urar tana iya shiga cikin wili ta kakkarye, kuma a nan ne bambancin kuɗi tsakanin ta lantarki da ta wayar ƙarfe zai fito fili. Ka sa a sayo biyu. Kafin a biya kuma yayanka ya duba jikin kabon ɗin a cikin haske, musamman wajen wuya da ƙarƙashin feda da inda sandar sirdi ke shiga, domin kabon ba ya lotsewa ya nuna maka kamar ƙarfe, tsagewa yake yi.

Hajiya Mai Shagon Sola, Ali Ɗan Tsoho:

Ina da tambaya ga mai gyara, domin ɗana yana shirin zuwa Damagaram da nasa irin wannan keken a motar haya. Ya za a ɗaure shi?

Mai Gyaran Keke, Sabon Gari:

Hajiya, kada ya bari a ɗora shi a saman mota a ja shi da igiya tare da buhuna, domin matsi daga gefe shi ne abin da bututun kabon ba ya jurewa. Ya cire wili biyun, ya mayar da sandunan da ke riƙe su cikin ramukansu don kada ƙafafun keken su matse, ya naɗe jikin da bargo ko kwali, ya biya masa wuri a ciki ko a akwatin ƙasa inda ba za a ɗora masa kaya ba. Na'urar giya ta baya ya kwance ta da ƙusa ɗaya ya naɗe ta a tsumma ya ɗaure a jikin keken, ya kuma zare wayarta. Faifan kuma ya fuskanci ciki, kada ya jingina da komai, domin ɗan lanƙwasa kaɗan ya isa ya sa shi gogar birki. Da zarar ya cire wili ya cusa ɗan robar da ake sawa tsakanin takalman birki, in babu ya ninka kwali mai tsabta ya sa, saboda idan yaron mota ya matsa hannun birki babu faifai a ciki takalman za su haɗe, kuma sai an tura su baya da abu mai faɗi marar kaifi kafin wilin ya koma.